Layin saƙo tsakanin saba da kilayan: turawa ba wuya, dawo da amsa ne aikin

Duk furoses, wato manhajar da take gudana a cikin kwamfuta, a killace yake, kenel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ya yanka masa memorinsa shi kaɗai, ba ya ganin na maƙwabcinsa, maƙwabcin ma ba ya ganin nasa. Da gangan aka yi haka don in ɗaya ya birkice kada ya tafi da sauran. To amma fa aiki dole sai an haɗa hannu. Za ka samu furoses guda yana riƙe da abin da kowa ke buƙata, ko firinta ce, ko wani fayil na bayanai, ko wata na'ura da ba ta yarda biyu su taɓa ta lokaci ɗaya, wannan shi ne saba. Masu zuwa neman ya yi musu aiki su ne kilayan. Tunda ba sa ganin memorin juna, dole maganarsu ta bi ta hannun kenel, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin shi ne layin saƙo.

Kafin layin saƙo akwai bututu, wato pipe, wanda ya shigo tsarin Unix tun 1973, kuma har yau yana aiki lafiya lau. Matsalarsa ita ce bai san saƙo ba, bayit kawai ya sani. Ka rubuta bayit 100 sannan ka ƙara 50, mai karantawa zai iya kwasar 150 a dunƙule, ko ya samu 70 yanzu sauran daga baya, shi zai zauna ya gano inda magana ta farko ta ƙare ta biyu ta fara. In kuma kilayan goma ne suke rubutu cikin bututu ɗaya, tabbacin da kake da shi cewa rubutunsu ba zai cakuɗe ba ya tsaya ne a bayit 4096 a Linux, ƙa'idar POSIX ma, wadda tsare-tsare irin na Unix suke bi, 512 kawai ta wajabta. Layin saƙo ya raba ka da wannan ciwon kan. Saƙo yana shiga ɗungurungum yana fita ɗungurungum, ko dai ka karɓe shi duka ko ba ka karɓa ba. Kenel zai kwafe shi daga memorin mai turawa ya ajiye a nasa, in mai karɓa ya zo ya sake kwafa masa, kuma ba sai su biyun suna raye lokaci ɗaya ba.

Tunanin ya daɗe. Tun 1969 Per Brinch Hansen ya gina tsarin kwamfutar RC 4000 a Denmark a kan tura saƙo da jiran amsa, abubuwa huɗu ne jigonsa, ka tura saƙo, ka jira saƙo, ka tura amsa, ka jira amsa. A lura fa, tun wancan lokacin ya ba amsa matsayinta daban. Layin da yawancinmu muka sani ya bazu ne da System V na kamfanin AT&T a 1983, sai kuma na POSIX da ya zo a 1993, kuma dukansu biyun babu wani abu wai shi amsa a cikinsu, saƙo ne kawai yana tafiya. Yadda amsa za ta koma wurin mai ita an bar wa mai rubuta kod, kuma a nan ne kusan duk wahalar take.

Bari mu duba na System V da kyau. Kana samun layi da msgget, ka tura da msgsnd, ka karɓa da msgrcv, ka goge ko ka duba halinsa da msgctl. Kowane saƙo yana farawa da wata lamba da ake ce wa mtype wadda dole ta fi sifili, bayanta sai kayan da kake son turawa. Daɗin abin yana wajen karɓa. In ka ba msgrcv sifili zai miƙo maka saƙon da yake kan gaba ko wane iri ne. In ka ba shi lamba kamar 7 zai tsallake kowa ya ɗauko saƙo na farko mai lamba 7. In ka ba shi lamba ƙasa da sifili, misali -5, zai ɗauko wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta cikin waɗanda ba su wuce 5 ba, ka ga ke nan ka samu hanyar fifita wasu saƙonni a kan wasu.

Daga wannan ne aka fitar da dabarar da kusan kowa ke fara koya. Layi ɗaya tal. Duk kilayan ya tura buƙatarsa da lamba 1, a cikin saƙon ya rubuta lambar furoses ɗinsa, wato PID. Saba yana zaune yana jiran masu lamba 1 kawai, in ya gama aikin sai ya mayar da amsa cikin wannan layin dai, amma ya sa PID ɗin kilayan a matsayin mtype, shi kuma kilayan yana can yana jiran saƙo mai lambarsa. Lamba 1 ba za ta ci karo da ta kowa ba tunda furoses na farko a tsarin shi ke riƙe da PID 1. Gaskiya dabara ce mai kyau, kod ɗin gajere ne, in ka gwada da kilayan biyu ko uku za ka ga komai yana tafiya sumul. Kuma ina ganin bai kamata a bar ta ta wuce ajin koyo ba.

Ga dalili, mu bi shi a hankali da lissafi. A Linux, in ba a taɓa saitin ba, saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 8192, layin gaba ɗaya kuma bayit 16384 yake ɗauka. Mu ce kowace buƙata bayit 1024 ce, amsa kuma 4096. Kilayan sun yi yawa sun taso lokaci ɗaya, buƙatu 16 sun shiga, layi ya cika maƙil, na 17 da na bayansa kenel ya kwantar da su a cikin msgsnd suna jiran wuri. Saba ya ciro guda, wurin bayit 1024 ya samu, kafin ya gama lissafinsa kenel ya tashi na 17 ya cike gurbin. Yanzu saba ya dawo da amsa mai bayit 4096, babu wuri, shi ma aka kwantar da shi. To wa zai rage layin? Kilayan 17 ɗin nan kowa yana jiran saƙo mai PID ɗinsa, babu ko ɗaya a ciki, duk masu lamba 1 ne. Mai ɗaukar lamba 1 kuma saba ne kaɗai, ga shi a kwance yana jiran wurin da shi ne ya kamata ya samar. An yi kiki-kaka ke nan. Babu wanda ya mutu, babu saƙon kuskure ko ɗaya a log, furosesa, wato CPU, ma tana hutawa abinta, komai dai ya tsaya cak. Abin da ya fi ɓata rai shi ne wannan ba ya fitowa a gwaji, sai ranar da aiki ya yi yawa, wato ranar da aka fi buƙatar saban.

Ko ba a kai ga haka ba akwai wata mai cin mutum a hankali. Kilayan ya tura buƙata, kafin amsa ta zo aka kashe shi ko ya faɗi da kansa. Saba bai sani ba, ta ina ma zai sani, layin ba ya gaya wa kowa wa ke raye wa ya mutu. Ya yi aikinsa ya ajiye amsar, ita kuma za ta zauna a wurin har sai an goge layin ko an kashe kwamfutar an kunna. Huɗu irin wannan masu bayit 4096 sun isa su toshe layin duka. In ka buga ipcs -q za ka ga layukan da ke kan na'urar, kowanne da makullinsa, wato lambar da ake nemo shi da ita, da lambarsa da mai shi da izininsa, sai bayit nawa ke ciki da saƙo nawa. Ka duba waɗannan biyun na ƙarshe da tsakar dare lokacin da ba wanda ke aiki, in ka ga ba su koma sifili ba to amsoshin matattu ne a kwance. In ka ƙara -i da lambar layin zai nuna maka PID ɗin wanda ya tura na ƙarshe da wanda ya karɓa na ƙarshe da lokutansu, sau da yawa nan za ka gane tun yaushe saba ya daina motsi. Mutane sukan buga ipcrm su goge layin su ce an warware, alhali duk wanda ke jira a kai za a tashe shi da kuskuren EIDRM, buƙatun da ba a taɓa ba kuma sun tafi ke nan.

Tsugune ba ta ƙare ba, don PID ɗin ma ana maimaita shi. Iyakarsa ta asali a Linux 32768 ce, duk da ana iya ɗaga ta zuwa sama da miliyan 4 a na'urori masu bit 64, in an kai ƙarshe sai a zagayo. Wani sabon kilayan zai iya tashi da lambar wanda ya mutu jiya, ya tura tambayarsa, ya karɓi amsar mamacin yana zaton tasa ce. Wannan ta fi kiki-kaka muni a wurina, don shi tsayawa ana ganinsa, amsar da ba taka ba kuwa shigewa take yi cikin lissafi ba wanda ya lura. A zamanin kwantena, wato keɓaɓɓun akwatunan da ake gudanar da manhajoji a ciki a kan na'ura ɗaya, ma abin ya ƙara rikicewa, in kwantena biyu suna raba layukan saƙo amma kowacce da nata lissafin PID, za a iya samun furoses biyu masu lamba ɗaya, har ma kilayan da shi kansa PID 1 ne. Sannan batun amana, saƙon System V ba ya ɗauke da wata shaida daga kenel ta wanda ya turo shi, PID ɗin da ke ciki shi mai turawa ne ya rubuta da hannunsa, zai iya rubuta na wani. Duk wanda ke da izinin karanta layin kuma zai iya kwashe amsar kowa, har buƙatun da aka turo wa saba.

Maganin da aka saba shi ne a raba hanya. Saba ya riƙe layinsa na karɓar buƙatu, kowane kilayan ya buɗe nasa na kansa da IPC_PRIVATE, wanda ke sa msgget ya ƙirƙiro sabon layi, ya sa lambar layin a cikin buƙatar, amsa ta dawo ta can. Kiki-kakan da muka gani ya kau, tunda buƙatu ba sa cinye wurin amsa. Amma akwai sharaɗin da in an manta shi an koma gidan jiya, kada saba ya taɓa kwanciya a kan layin kilayan. Ya tura da IPC_NOWAIT, in aka ce masa EAGAIN wato layin a cike yake, ya yar da amsar ko ya ajiye ta gefe na ɗan lokaci ya wuce na gaba. Kilayan guda da ya daskare bai kamata ya riƙe mutum ɗari ba. Kuma yanzu kilayan da ya mutu layi guda sukutum yake bari a baya, dole a samu mai bi yana sharewa, don adadin layukan ma yana da iyaka, 32000 ne a Linux tun daga siga ta 3.19.

Na POSIX ya gyara abubuwa da dama. An daina wahalar makulli da ftok, wanda yake haɗa lamba daga wani ɓangare na bayanan fayil har makullai biyu su iya yin karo, yanzu suna kake ba layi mai farawa da alamar / kamar fayil, a Linux ma za ka iya leƙa su a /dev/mqueue. Gogewa ta zama mai hankali, mq_unlink yana cire sunan ne, layin ba ya ɓacewa sai na ƙarshe ya rufe. Akwai mq_timedreceive mai wa'adi. Babban abin kuma, a Linux da ya samu wannan layin a 2004, lambar layin irin lambar da kenel ke ba buɗaɗɗen fayil ce, don haka saba zai iya jiransa tare da soket, wato bakin hanyar sadarwa tsakanin furoses, da sauran abubuwa ta select ko epoll, kiran da ke jiran abubuwa da yawa lokaci ɗaya, abin da na System V ba ya yi, shi sai dai ka ware masa zare, wato thread, na musamman ya zauna gadi. Sai dai kada ka ɗora komai a kan wannan in kod ɗin zai bar Linux, ƙa'idar ba ta yi alkawarinsa ba, macOS kuwa ba shi da layin POSIX ɗin ma kwata-kwata.

Abin da layin POSIX ya rasa shi ne zaɓe. Ba za ka ce ba ni saƙo mai lamba kaza ba, kullum mafi fifiko ne ke fitowa, in fifikon ɗaya ne wanda ya riga shiga. Dabarar layi ɗaya da PID ba ta yiwuwa a nan, ni kam ban ga asara a ciki ba. Fifikon yana tafiya daga 0 zuwa 32767 a Linux, kuma shi ma da nasa haɗarin, in masu babban fifiko ba su daina zuwa ba na ƙasa zai yi ta jiran gawon shanu. Saitinsa na asali saƙo 10 ne kacal a layi, mutane da yawa nan suke fara cin karo da shi. Akwai kuma mq_notify, mai sanar da kai in saƙo ya shigo, da ke ruɗa sababbi, furoses ɗaya kawai ke iya rajista, sanarwar sau ɗaya take zuwa sai ka sake rajista, kuma tana zuwa ne kawai in layin ya tashi daga fanko zuwa mai saƙo. Ka sake rajistar tukuna sannan ka kwashe layin har ƙasa, in ka juya tsarin saƙo zai iya shigowa a tsakani ya zauna ba wanda ya ji labarinsa.

Duk sanda layi ya fara cika, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne a ƙara masa girma. Wani lokaci daidai ne, in aikin yana zuwa ne a guguwa sannan ya lafa, layi mai ɗan faɗi zai shanye guguwar. Amma in buƙatu 500 ke shigowa a daƙiƙa saba kuma 400 yake iya yi, kowace daƙiƙa 100 ke taruwa, babu girman da zai ishe ka, ka dai jinkirta ranar ne. Kuma jinkirin da tsadarsa. John Little ya tabbatar a 1961 cewa a tsarin da ya daidaita, adadin da ke cikin layi daidai yake da saurin shigowa sau tsawon jira. Juya lissafin, layi mai saƙo 10000 a gaban saba mai yin 400 a daƙiƙa, wanda ya shigo yanzu sai ya jira daƙiƙa 25. In kilayan wa'adin daƙiƙa 5 ya sa wa kansa, ya riga ya haƙura tuntuni, wataƙila ma ya sake turo wata, saba kuma yana can yana zufa a kan buƙatun da babu mai jiransu. Shi ya sa nake ganin ƙaramin layi mai cewa na cika da wuri ya fi amfani, don labarin yana komawa ga mai turawa tun yana da damar rage gudu. Kuma yana da kyau kowace buƙata ta ɗauko lokacin da za ta lalace, saba ya duba kafin ya fara, in ya wuce ya yar.

Wa'adin nan da sake turawa su ma suna jawo wata tambaya mai nauyi. Kilayan ya jira bai ji amsa ba. Buƙatar ce ba a ɗauka ba har yanzu, ko an ɗauka saba ya mutu a tsakiyar aiki, ko an gama aikin amsar ce ta ɓata? Daga inda yake zaune duk ukun kama ɗaya suke. Kuma a tuna, da zarar msgrcv ko mq_receive ya dawo, saƙon ya bar layin har abada, babu wani matakin cewa na gama kafin a goge, irin wanda manyan dillalan saƙo kamar RabbitMQ suke da shi. In buƙatar karanta wani abu ce a sake turawa ba komai. In kuwa cire wani adadi ne daga asusu, sake turawa zai iya zama cirewa sau biyu. Don haka kowace buƙata ta samu lambarta ta musamman da ba ta maimaituwa, amsa ta dawo da wannan lambar, kilayan ya yar da duk amsar da lambarta ba ta dace ba, saba kuma ya riƙe tarihin waɗanda ya gama kwanan nan don in an sake turo masa ya miƙa tsohuwar amsa ba tare da ya sake aikin ba. Wannan ɗin ma shi ke kashe matsalar maimaita PID.

Akwai ƙananan kurakurai da suke yawan faruwa, a gurguje. Girman da ake ba msgsnd bai haɗa da mtype ba. Kada a sa adireshin memori a cikin saƙo, a ɗaya ɓangaren ba shi da ma'ana. In sigina ta katse msgrcv zai dawo da EINTR kuma ba ya ci gaba da kansa, sai ka sake kira. Kaya masu nauyi kuma kada a bi da su ta layi ana kwafa sau biyu, a zuba su a memorin haɗaka, wanda furoses biyun duk suke gani, a tura ɗan gajeren saƙo mai cewa suna wuri kaza.

In aka dubi QNX, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban, za a ga wata hanyar tunani, wadda ta fi kusa da ta Brinch Hansen. Kilayan ya kira MsgSend ya kwanta, saba ya ɗauka da MsgReceive, kilayan ba zai tashi ba sai an yi MsgReply. Kenel ya san wa ke jiran wa, mayar da amsa ba ta taɓa kwantar da saba, in saba ya mutu ana tashin masu jiransa da kuskure. A Linux abin da ya fi kusa da wannan kwanciyar hankalin shi ne soket na cikin gida, na Unix, mai nau'in SOCK_SEQPACKET. Yana kiyaye iyakar saƙo kamar layi, kowane kilayan da hanyarsa ta zuwa da dawowa, in ɗaya ya mutu kenel zai rufe hanyar ɗayan ya ji nan take, kuma da SO_PEERCRED saba zai tambayi kenel kai tsaye wane furoses ne kuma wane mai amfani ne a ɗaya bakin. Duk inda aikin tambaya da amsa ne, nan zan fara dubawa.

Layin saƙo kuma ina ajiye shi ne ga inda halinsa na rashin damuwa da wa ke raye ya zama alheri, aikin da ake jefawa a wuce ba a jiran amsa, irin rahoton na'urorin awo ko umarni ga wani furoses mai aiki a bayan fage, inda ake so a iya kashe saba a sabunta shi a tayar ya tarar da saƙonninsa suna jiransa, ko inda saƙon gaggawa dole ya tsallake na gabansa. Ko a nan ma a sani a memorin kenel yake zaune ba a faifai ba, wuta ta ɗauke ko aka yi ristat duk abin da ke ciki ya tafi, saƙon da ba a yarda a rasa ba sai an rubuta shi a faifai kafin a sa shi a layi.